Rufin Filin Wasa da Rufin Talaka: Waiwaye kan Kakar Saints ta 2006

Ƙungiyar New Orleans Saints ba ta ci kofi a kakar wasa ta 2006 ba. Ta buga wasa 16, ta ci 10, ta sha kashi a 6, ta kai wasan daf da na ƙarshe, aka fitar da ita a Chicago cikin dusar ƙanƙara. A gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL irin wannan sakamako ba baƙon abu ba ne, kusan kowace shekara akwai ƙungiyar da ke yin haka kuma a manta da ita. Amma wannan kaka ta ƙi mantuwa, domin an buga ta ne a garin da ruwa ya cinye shekara guda kafin nan, a cikin ginin da dubban mutane suka kwana da yunwa da ƙishirwa suna jiran ceto. Yau an doshi shekara ashirin, ƙura ta lafa, lokaci ya yi da za a zauna a yi lissafin abin da kakar ta ba garin da abin da ya gagare ta.

Ga wanda bai saba da wasan ba, hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa, ya fi kama da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya ke fuskantar goma sha ɗaya a fili mai tsawon yadi 100. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi goma, ko ta hanyar gudu da ƙwallon ko jefa ta. Idan ta kai ƙwallon ƙarshen fili ta samu maki shida. Idan kuwa dama uku suka wuce ba ta cika yadin ba, yawanci sai ta fito da mai bugu ya ɗaɗa ƙwallon da ƙafa zuwa can nesa, don abokan karawa su faro daga baya. A wancan lokaci wasa takwas kacal kowace ƙungiya ke yi a gida cikin kaka, shi ya sa ranar wasa a garin take kamar ranar hawan salla, kowa da shigarsa, kowa da inda zai tsaya.

Mutanen New Orleans sun daɗe suna son ƙungiyar da ba ta saka musu da komai ba. Ta fara wasa a 1967, sai a 1987 ta taɓa gama kaka da nasarori fiye da rashin nasara. A 1980 wasa ɗaya ta ci cikin 16, har magoya baya suka riƙa zuwa kallo da jakar takarda a kai, an huda mata idanu, don kada a gane su. Nasararta ta farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale sai a Disamban 2000 ta zo. Duk da haka ba su sake ta ba.

Ranar 29 ga Agustan 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa gaɓar jihar Louisiana. Garin New Orleans a kwari yake, tsakanin kogin Mississippi da tafkin Pontchartrain, wasu unguwanninsa ma sun fi teku ƙasa, katangun tare ruwa ne ke riƙe da shi. Katangun nan, waɗanda sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ya tsara, su ne suka fashe a wurare da dama, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Fiye da mutum 1,300 ne suka rasu a yankin baki ɗaya. Masu mota da kuɗin otal sun fice tun guguwar ba ta iso ba. Waɗanda ba su da halin fita, yawancinsu talakawa baƙaƙen fata, da tsofaffi da marasa lafiya, aka ce su fake a Superdome, katafaren filin wasan Saints mai rufi wanda aka buɗe a 1975.

Iska ta ɗaye fatar rufin, ta huda shi, ruwan sama ya riƙa zubowa kan kujeru. Wuta ta ɗauke, na'urorin sanyaya wuri suka tsaya a tsakiyar zafin Agusta, ban-ɗakuna suka cika suka tumbatsa. Yawan mutane ya kai wajen 30,000 kafin motocin safa su kwashe su zuwa Houston da wasu garuruwa. A kwanakin nan kafafen yaɗa labarai sun yi ta baza jita-jitar cewa ana ta kashe-kashe a ciki, gawarwaki sun yi tuli. Daga baya binciken jaridar garin, Times-Picayune, ya nuna mutum shida ne suka rasu a cikin ginin, kuma babu wanda aka kashe a cikinsu. Mutanen da suka rasa gidajensu sai ga shi an haɗa musu da ɓata suna. Wannan tabo yana cikin abin da ginin ya ɗauka, kuma akwai masu cewa a rushe shi kawai a huta.

Ƙungiyar ita ma ta shiga gudun hijira. A kakar 2005 ta yi wasa uku a San Antonio ta jihar Texas, huɗu a filin jami'ar jiha da ke Baton Rouge, wani kuma da aka rubuta a matsayin na gida an buga shi ne a filin abokan karawarta, New York Giants. Ta ci uku, ta sha kashi a 13, aka sallami koci Jim Haslett. Mai ƙungiyar, Tom Benson, attajirin dillalin motoci ne da ke da harkoki a San Antonio, hukumomin can kuma ba su ɓoye kwaɗayinsu na riƙe ƙungiyar ba. Mutanen da ke zaune a ɗakunan otal da gidajen 'yan uwa a Houston da Atlanta suka riƙa jin cewa bayan gida da aiki da makarantar yara, ƙungiyar ma za ta tafi. Shugaban NFL na lokacin, Paul Tagliabue, ya tsaya kai da fata sai Saints ta koma gida. Gwamnar Louisiana ta lokacin, Kathleen Blanco, ta ba da umarnin a gaggauta gyaran Superdome. Aka tsayar da rana tun farkon 2006, aka nemo kuɗi, wajen dala miliyan 185, kaso mafi tsoka daga hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA. Ma'aikata suka hau rufin da faɗinsa ya kusa eka goma, suna aiki ba ji ba gani.

Waɗanda aka tara su buga wa garin wasa su ma kusan duk masu neman a sake ba su dama ne. Sean Payton, mai shekara 42, mataimakin koci ne a Dallas, bai taɓa jan ragamar ƙungiya a NFL ba. Drew Brees, wanda aka ɗauko ya zama kwatabak, wato jagoran da ke karɓar ƙwallo ya raba ta a kowane hari, ya yage kafaɗarsa ta dama, wadda yake jifa da ita, a wasansa na ƙarshe a ƙungiyar San Diego. Miami ta neme shi, likitocinta suka duba kafaɗar suka yi shakka, ta ɗauki wani. Da ya zo New Orleans ganin wuri, Payton ya ɗauke shi da matarsa a mota, ya ɓata hanya, suka faɗa unguwannin da ruwa ya ragargaza. Abin da koci ke tsoron zai kori baƙo shi ne ya zaunar da shi. Brees ya sa hannu a kwantiragin shekara shida a Maris, ya sayi tsohon gida a cikin gari ya gyara. A zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, Houston ta tsallake Reggie Bush, tauraron da kowa ke zato shi za a fara ɗauka, ya faɗo hannun Saints a matsayi na biyu. Can kusa da ƙarshen zaɓen, a matsayi na 252, suka ɗauki Marques Colston daga ƙaramar jami'ar Hofstra, yaron da sauran ƙungiyoyi suka yi ta wucewa.

Garin da suka tarar a bazarar 2006 rabin mutanensa ne kawai suka dawo. A kan gidaje da yawa shuɗiyar leda ce a madadin rufi. A tsakar gida akwai farar tirelar FEMA, iyali guda a cushe a ciki, suna kallon gidansu da aka fasa bangonsa na ciki don ya bushe. A jikin bango ana ganin layin da ruwa ya tsaya, wani wurin ya wuce kan mutum. A ƙofar kowane gida kuma akwai alamar gicciye da masu aikin ceto suka fesa da fenti: kwanan wata a sama, sunan tawaga a hagu, haɗarin da suka gani a dama, a ƙasa kuma adadin gawar da aka samu a ciki. A cikin irin wannan hali ne mutanen garin suka saye tikitin kaka gaba ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin ƙungiyar.

Saints ta ci wasanninta biyu na farko a waje, a Cleveland da Green Bay. Daren Litinin 25 ga Satumba ta dawo Superdome ta karɓi baƙuncin Atlanta Falcons, abokiyar hamayyarta ta asali, a gaban mutum dubu saba'in. Mawaƙan U2 da Green Day suka buɗe taro. Atlanta ce ta fara riƙe ƙwallo, ta kasa cika yadi goma, mai bugunta Michael Koenen ya ja baya zai ɗaɗa. Ba a yi minti biyu da fara wasa ba. Steve Gleason, mai lamba 37 da dogon gashi, ɗan wasan da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin da ya bar jami'a, wanda aikinsa shiga fili a irin waɗannan 'yan daƙiƙu ne kawai, ya ga ɓaraka a tsakiyar layin Atlanta. Ya ratsa ta, ya miƙe hannu biyu ya yi tsalle, ƙwallon ta bar ƙafar Koenen ta daki hannunsa, ta gangara baya. Curtis Deloatch ya faɗa kanta a ƙarshen fili. Ihun da ya tashi a ƙarƙashin sabon rufin ya sa masu sharhi a talabijin suka yi shiru suka bar shi ya yi magana. Manya suna kuka, baƙi suna rungumar juna. An tashi 23 da 3.

Daga nan kaka ta miƙe. Brees ya jefa ƙwallo ta yadi 4,418, fiye da kowa a gasar, da kafaɗar da aka ce ta gama aiki. Colston ya cafke 70, ya wuce yadi dubu. A Disamba suka je Dallas suka lallasa tsohon maigidan Payton da ci 42 da 17. Suka zo na ɗaya a rukuninsu. Ranar 13 ga Janairun 2007 suka karɓi Philadelphia a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Gwarzon daren shi ne Deuce McAllister, ɗan jihar Mississippi, wanda ya yi gudun hijirar 2005 tare da ƙungiyar har ya tsinke jijiyar gwiwa. Akwai lokacin da 'yan bayan Philadelphia suka rufe shi tun bai kai layi ba, ya ƙi faɗuwa, ya ci gaba da tura ƙafa, abokansa suka dafa masa baya, tarin mutanen gaba ɗaya ya tafi da shi har ƙarshen fili. Suka ci 27 da 24. Mako guda bayan haka Chicago Bears ta tsayar da su da ci 39 da 14. An zaɓi Payton gwarzon koci na shekara.

Tun a lokacin akwai masu tambayar da ba ta da daɗin ji: ta yaya za a zuba wannan kuɗi a filin wasa alhali mutane na kwana a tirela? Masu kare aikin suka ce kuɗin na gyaran gine-ginen gwamnati ne, doka ba ta yarda a karkatar da shi zuwa gidaje ba, kuma garin da baƙi masu yawon buɗe ido da manyan taruka yake ci, ba zai farfaɗo ba muddin ginin da duniya ta gani a talabijin yana tsaye a huje. Ni dai ban ga laifin wanda ya sayi tikiti bai gama gyaran ɗakinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya shekara yana cike takardu, yana jiran kamfanin inshora, maƙwabtansa sun watse jihohi daban-daban, yana buƙatar wurin da zai ga mutanen garinsu da yawa a lokaci guda, su yi murna kan abu guda. Superdome ya ba shi wannan sau takwas a kakar nan, da ƙari ɗaya a Janairu. Ga waɗanda ke Houston suna tunanin ko su dawo ko su haƙura, ganin filin a cike shaida ce cewa garin yana nan da ransa. Wannan amfani ne na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba.

Sai dai in aka ajiye wata goma sha ukun da aka ɗauka ana gyara filin kusa da abin da ya samu unguwanni, zuciya takan yi nauyi. Ƙidayar 2000 ta samu mutum 484,674 a birnin, ta 2010 ta samu 343,829, ta 2020 kuma 383,997. Mafi yawan giɓin baƙaƙen fata ne, wajen mutum dubu ɗari da ba su dawo ba. Unguwar Lower Ninth Ward, inda katangar ruwa ta fashe ta kwashe gidaje daga tushensu, tana da wajen mutum 14,000 kafin guguwa, yawancinsu masu gidan kansu. A 2010 ba su kai 3,000 ba. Shirin tallafin gyaran gidaje na Road Home ya ɗora lissafinsa kan darajar gida a kasuwa kafin ambaliya. Kuɗin siminti da katako ɗaya ne a ko'ina, amma gida a unguwar baƙaƙe ba ya tsada kamar irinsa a unguwar farare, don haka mai gidan ya samu abin da bai isa ya tayar da gini ba. Sai da aka kai ƙara kotu kafin a yi sulhu a 2011, lokacin da da yawa sun riga sun haƙura. Asibitin Charity, wanda ya yi ƙarni biyu da ɗoriya yana duba marasa galihu, ba a sake buɗe shi ba, wanda ya maye gurbinsa sai a 2015 ya fara aiki. An sallami malamai da ma'aikatan makarantun gwamnati fiye da 7,000. A Disamban 2007 majalisar birni ta amince a rushe manyan rukunonin gidajen masu ƙaramin ƙarfi guda huɗu, wajen gida 4,500, 'yan sanda suna fesa wa masu zanga-zanga barkono a bakin ƙofa.

Ita kuwa ƙungiya, hanya ta buɗe mata. Ranar 7 ga Fabrairun 2010 ta doke Indianapolis Colts da ci 31 da 17 a Miami, ta ɗaga kofin Super Bowl na farko a tarihinta, da koci da kwatabak ɗin da aka ɗauko a 2006. A 2012 sunanta ya ɓaci, bayan hukumar gasar ta ce an riƙa ba 'yan baya tukuici idan suka ji wa abokan karawa rauni, aka dakatar da Payton kaka guda. Benson ya rasu a 2018, matarsa Gayle ta gaje shi. Ƙungiyar da ya saya a 1985 kan wajen dala miliyan 70 yau ana ƙiyasta darajarta fiye da dala biliyan 4. Brees ya yi ritaya a 2021, Payton ya tafi a 2022. Shi kansa filin ya ɗauki sunan kamfanin motoci, daga baya na kamfanin caca, an sake kashe masa fiye da dala miliyan 500, ya karɓi Super Bowl a 2013 da 2025. Gwamnatin tarayya ta kashe wajen dala biliyan 14 da rabi kan sababbin katangun ruwa, kuma sun tsaya daram lokacin da guguwar Ida ta zo a 2021, a rana irin ta Katrina.

Cikin duk mutanen kakar nan, wanda rayuwarsa ta fi juyawa shi ne Gleason. Ya bar wasa, ya zauna a garin, ya yi aure a can. A 2011 likitoci suka gaya masa yana da cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa jiki sannu a hankali. Hannayen da suka tare ƙwallon Koenen sun daina ɗaguwa, murya ta tafi, yau da idanunsa yake rubutu a kwamfuta ita kuma ta yi magana a madadinsa. A 2012 aka kafa mutum-mutuminsa a bakin Superdome yana shawagi da hannu a miƙe. Bai tsaya a kan wannan karramawa ba. Ya kafa gidauniya, ya bi majalisar dokokin Amurka har aka yi doka da sunansa a 2015, wadda ta sauƙaƙa wa masu irin cutarsa samun na'urar magana. A 2020 majalisar ta ba shi lambar yabonta ta zinariya. Ya ɗauki sunan da daƙiƙa guda ta ba shi ya mai da shi aiki mai ɗorewa ga waɗanda ba wanda ke yi musu tafi.

Darasin da na fi gani a kakar 2006 ya wuce na juriya, wanda shi aka fi yawan faɗa. Gyaran Superdome ya samu abu uku: ranar da aka tsayar ba a ɗaga ba, kuɗin da aka ware tun farko, da manyan mutane da sunansu zai zube idan aikin bai kammalu ba. Da waɗannan uku aka tayar da gini mai girman unguwa cikin shekara guda da wata ɗaya, a garin da ba shi da isassun ma'aikata ko wurin kwanansu. Ashe iyawar tana nan. Matar da ke jiran tallafin Road Home a Lower Ninth Ward ba a tsayar mata da rana ba, babu gwamna ko shugaban gasa da mutuncinsa ya rataya a kan rufinta, shi ya sa ta jira shekaru, wata ma ta rasu a garin da ba nata ba. Mutanen New Orleans suna da haƙƙin yin alfahari da daren 25 ga Satumba, domin da kuɗinsu da muryarsu suka riƙe ƙungiyar a gida. Suna kuma da haƙƙin tambayar shugabanninsu dalilin da ya sa himmar da aka nuna a kan filin wasa ba ta gangaro unguwanni ba. Duk inda bala'i ya wuce aka fara maganar sake gini, abin da ya kamata talaka ya nema tun ranar farko shi ne a faɗa masa yaushe za a gama nasa aikin, nawa aka ware masa, kuma wa zai kama idan ranar ta zo ba a yi ba.